Karatun Yaya a Rediyon Inna

Da Yaya ya rasu, abin da ya rage mana na muryarsa karatun da na ɗauka ne da wayata a masallacinmu na Babban Duhu, wani azumi. Wayar ta tsufa, batirinta ya kumbura, kullum ina tsoron ta mutu da karatun a ciki.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ko a zaman makoki ba ta yi kuka gaban mutane ba. Idanunta sun yi rauni, ba ta iya latsa waya, amma babbar rediyon ɗakinta mai cin faifan sidi ta san maɓallanta da lalube. Wata rana ta ce wa matata, "Wannan rediyo kullum karatun baƙi take yi." Ni na ji, na wuce. Matata ce ta gane.

"Malam, muryar Yaya take so," ta ce da ni. "Kai ma ka san ba za ta faɗa ba."

Na hau babur zuwa Safana, mai shagon kwamfuta ya zuba mini karatun duka a faifai guda. A kwamfutarsa ya yi tas. A gida rediyo ta juya shi, ta juya, ta yi shiru. Na goge shi da bakin riga, na hura, na daki rediyon. A gaban Inna na ce rediyon ta lalace, a haƙura. Allah Ya yafe mini wannan magana. Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Matata ba ta haƙura ba. Ta ɗauko wani faifan karatu da aka saya a kasuwa, ta saka, ya yi.

"To ga lalatacciyar tana magana," ta ce. "Ka kai wa mai shagon wannan, ka ce irinsa muke so. In kuma kunya kake ji, ba ni mayafina."

Na koma. Mai shago ya duba ya yi dariya. "Ai ba ka ce tsohuwar rediyo ba ce, Alhaji. Zubi iri biyu ne. Na kwamfuta yana cin karatu da yawa, amma ita ba ta gane shi. Nata kaɗan yake ɗauka, a hankali ake zuba shi, sannan a rufe faifan." Ya raba karatun a faifai da dama. Na zauna ina jira har la'asar, ban ƙara yi masa gaggawa ba.

Matata ta karɓa, ba ta kira kowa ba. Ta saka na farko, ta rage murya, ta ja hannuna muka fito tsakar gida, ta saki labulen ƙofar. Muka ji Yaya ya yi gyaran murya irin tasa, ya fara da bisimilla.

Sai Inna ta yi magana daga ciki. Ba ni ta kira ba.

"Ke yarinya, zo ki nuna mini yadda ake mayar da shi farko."