Rariyar da Ke Shigo da Ruwa

Duk wanda ya bi ta ƙofar gidana a Haɗeja ya ga wata rariya a gindin katanga an toshe ta da yumɓu, kada ya zagi magini. Aikina ne, kuma da hankalina na yi shi. Rariyar kowa a garin nan fitar da ruwa take yi daga gida, tawa ce kaɗai ta taɓa ɗauko shi daga hanya ta shigo da shi ciki. Dalilin haka nake son rubutawa tun ina da sauran tawada, don taubashina ya riga ya fara ba da labarin a karkace.

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, daga can wajen tafkin Chadi aka auro ta, ta zo da irin wata kuɓewa ƙulle a bakin zanenta. Ja ce, gajera, mai kaurin babban yatsa. Yauƙinta kuwa, in ka tsoma ludayi a miyarta a nan Haɗeja ka ɗaga, sai ka kai Birniwa zaren bai tsinke ba. Mun taɓa yin baƙo da ya sha ta, ya yi kwana uku magana na sulɓe masa daga baki tun bai yi niyyar faɗa ba. Kowace damina Iya takan shuka ta a bayan ɗaki, ta bar 'ya'yan farko su bushe a jikin uwar, ta zuba irin a gora ta rufe da toka. Ba ta taɓa ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba. Da ta rasu goran ya dawo hannuna, na gaji irin, na gaji rowar.

A shekarar da nake magana, farkon bazara, na sauko da goran don in duba, sai na ji shi sakayau. Ɓera ya huda gindinsa ya cinye gadona tas. Na girgiza shi, toka kawai ta zubo min a ido. Kwana biyu ban yi wa kowa raha ba, har maƙwabta suka fara zuwa duba marar lafiya. A rana ta uku mai ɗakina ta kira ni rumfar da muke ajiye randa, ta nuna min ƙasa. A cikin yashi mai laima na gindin randar ga tsiro bakwai masu jan kara. Ashe nan ɓarawon yake kawo kayansa yana ci a sanyi, bakwai suka kuɓuce masa.

Abin da ya rage ke nan na kuɓewar Iya a duniya, kuma sun zaɓi su fito a lokacin da ƙadangare ke tafiya da ƙafa bibbiyu don kada ya ƙone. Tsakaninsu da ruwan sama wajen wata uku. In suka mutu kafin su yi 'ya'ya su bushe, irin ya tafi ke nan.

Kuɓewa ba ta son a cire ta a dasa, don haka randar na ɗauke, na yaye rabin rufin rumfar, su sha rana da hantsi su fake da azahar. Mai ɗakina ta ce ba ta taɓa ganin an kori randa daga wurinta saboda baƙi ba. Na kewaye wurin da zana da ƙayar magarya saboda akuyarta, na yafa yakuwa da alayyafo a gefe, na dasa barkono biyu, don kada a ce ƙato kamata yana gadin tsiro bakwai. Faɗin lambun duka bai fi buzun salla uku ba, amma nakan fito zaure in miƙe ƙafa in ce daga gona nake, na gaji.

Taubashina, ɗan ƙanwar babana, masunci ne, kuma yana da nasa lambun a bakin kogi. Ya zo ya leƙa ta kan zana, ya daɗe yana neman inda shukar take.

"Mai tumbi, wannan ne gandun? Bari in aiko maka da jakuna su kwashe amfanin."

"Raƙuma za ka aiko, Sarkin ƙarni. Kuma ja da baya, warin kifinka na sa ganyen yaushi."

Ya ce lambun rani a fadama ake yi, ba a tsakar gida ba, kuma yana da irin kuɓewa cike da ƙwarya, in je in ɗiba in huta, kuɓewa ai kuɓewa ce. Na ce masa tasa in an dafa sai ka rantse ruwan wanke tukunya ne.

Mako uku komai lafiya, ina ba su ruwa safe da yamma. Sai rijiyar unguwa ta fara ja da baya, aka yi ta ƙara wa igiya tsawo har guga ya koma fitowa da rabi. Mai unguwarmu, wani dattijo siriri wanda rabonsa da dariya tun kafin a yi masa kaciya, ya tara magidanta ya ce daga yau ruwan rijiya na sha ne da girki da alwala. Ban da wanki, ban da kwaɓin ƙasa, ban da ban-ruwa. Da ya zo kan na ƙarshen, ni ya kalla.

Na ce na ji, na bi. Na dawo gida ina nanata maganarsa a raina: sha, girki, alwala. Na ɗauki buta na shiga tsakiyar lambu na tsuguna, na yi alwalata cikin natsuwar da ban taɓa yi ba, duk abin da ya zubo daga fuska da gwiwar hannu ya sauka a gindin kuɓewa. Sau biyar a yini bai ishe su ba. Sai na ce wa mai ɗakina ta riƙa dafa mana wake kullum. Daga nan alwalar ta riƙa karyewa da kanta, ba da laifina ba, ni kuma mutum ne da ba ya son zama ba tsarki. A yini guda na taɓa yin ashirin. Fuskata ta yi fes, mutane suka fara raɗa cewa na kusa zama waliyyi.

Limamin unguwa ya kira ni bayan la'asar. Yana magana yana jan rawani kan bakinsa, na san dariya yake dannewa. Ya ce ɓarna da ruwa a alwala abin ƙi ne ko da sunan tsarki, in tsaya kan buta guda kamar kowa. Na ce Allah gafarta Malam, na tuba. Har na miƙe ya ƙara da cewa in rage waken nan kuma, don mutanen sahu sun kawo kuka.

A nan ne fa na yi dabarar da har yau nake alfahari da ita. Lambun yana jikin katangar gaba, dab da zaure, masallacin unguwa kuma taku kaɗan ne daga ƙofata. Kullum ina ganin magidanta suna alwala a bakin hanya, ruwan na nutsewa a yashi ba wanda ya amfana. Na huda gindin katangar, na fafe guntun giginya na shimfiɗa shi da gangare zuwa ciki, na yi ɗan dakali a waje da inuwar zana. Na zauna ina kiran duk mai buta ya zo ya yi a inuwa. Ba na ba kowa komai sai inuwar da labaran ƙarya, amma a bazarar Haɗeja inuwa kaɗai ta isa ta tara jama'a. Cikin kwana uku kowa nan yake alwala, ruwan yana bin giginya yana shiga wurin 'ya'yan Iya.

Mai unguwa ya zo ya tsaya a kaina, ya dubi rariyar, ya dube ni.

"Wa ya ba ka izinin ban-ruwa?"

"Ranka ya daɗe, ni ban ba da ruwa ba. Musulmi ne ke alwala. Inda ruwan ya nufa bayan ya bar hannunsu, wannan tsakaninsa da gangare ne."

Ya nemi ta inda zai kama ni ya rasa. Daga ranar, kullum sai ya tsallaka hanya ya juya mana baya ya yi tasa alwalar a busasshen yashi cikin rana.

Kada a zaci na ci yaƙin a nan. Akuya ta sami kafa a zana ta tauna biyu. Wata iska mai zafi ta taso da azahar, kamar an buɗe bakin maƙera, ta kwantar da ɗaya tare da alayyafon duka. Saura huɗu. Sai rijiya ta koma ba da taɓo, liman ya ce tsofaffi da marasa ƙarfi su yi taimama, masu ƙarfi su yi alwalarsu a kogi in sun je ɗebo na sha. Dattawa suka ci gaba da zama a dakalina saboda inuwa, suna buga tafin hannu a ƙasa suna shafa fuska. Ba ni da ja da hukuncin malam. Amma kuɓewa ba ta taimama.

Ba abin da ya rage sai kogi. Yana bayan ganuwa, kuma a lokacin ya tsinke ya zama kududdufai, sai ka taka yashi mai nisa kafin ka iske ruwa. Na ɗauki tulu, sau biyu kullum, ni da tumbina. Yashin nan kana iya gasa aya a kansa. Gumin da nake zubarwa a hanya ya fi abin da ke cikin tulun, har wata rana na ga asara ce, na tuɓe riga na matse ta a kan yakuwa. Washegari yakuwar ta mutu. Ashe zartsi ne da ni.

Kuɓewa biyu suka sake bushewa a mako guda. Ran da na cire su na je kogi. Taubashina yana gyaran komar kamun kifi a bakin ruwa, ya ga ina ta kiciniyar ɗaga tulu na kasa. Ranar bai kira ni Mai tumbi ba.

"Ɗan'uwa, ka bari haka nan. Iya ba za ta yi fushi ba."

"Ita ta kawo irin nan daga Chadi a bakin zane. Ni daga nan zuwa gida ne kawai."

Ya kama tulun ya ɗora min a ka, ya ce in tafi kafin kitsena ya narke ya ɓata musu ruwa. Da na isa gida na tarar gindin kuɓewar a jiƙe da wani farin ruwa. Mai ɗakina ce ta juye musu ruwan tsari, wanda take wanke surfen gero da shi ta ba akuya. Na tambaye ta, ta ce akuyar ai ta riga ta ci rabonta.

Biyun nan suka tsaya. Suka yi fure rawaya mai jan ciki, suka ɗaura 'ya'ya biyar. Nan da nan masu alwala suka taso, kowa na cewa ruwan hannunsa ne, a yi miya a raba. Na ce ko Sarkin ƙarni ya zo da kifin kogin nan duka, ba mai lasar yauƙinta bana. A jikin uwar za su bushe. Na daina ba su ruwa da yawa, na zauna ina kallonsu suna komawa launin ruwan ƙasa, kullum in ɗan kaɗa ɗaya in ji ko irin ya fara ƙara a ciki.

Uku sun fara ƙara, biyu da saura, sai hadari ya haɗo daga gabas wata la'asar. Gari duka ya ɗauki murna, mata na fitar da tukwane. Ni kaɗai ne a Haɗeja nake roƙon a ƙara mana kwana uku na rana, don in ruwa ya jiƙa busasshiyar kuɓewa, ruɓewa irin zai yi. Ba a amsa min ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, na ruga na riƙe tabarma a kan shukar, ni da na yi wata uku ina bara don in jiƙa ta.

Sai na ji sanyi a idon sawu. Na manta da rariyata. Ita kuwa ba ta manta da aikinta ba: duk ruwan da ya sauka a hanyar unguwa ta tattaro shi tana turo min cikin gida. Na jefa wa mai ɗakina tabarmar, na ce ta yanke 'ya'yan duka biyar ta kai ɗaki, na fita da gudu na zauna daram a bakin rariyar. Allah bai yi min wannan jikin a banza ba, ko ɗigo bai ƙara wucewa ba.

Ina zaune cikin taɓo har ƙugu, ruwa na dukana, sai na ji wata ƙara daga zaurena kamar tsohon ƙyaure. Mai unguwa ne ya fake a ciki, dariya yake yi, ya dafe bango.

"Yau kam na ba ka izinin ban-ruwa."

An rataye 'ya'yan a saman murhu. Biyu ba su yi ba, uku suka fashe suka ba ni iri cike da tafin hannu. Na shuka rabi a daminar nan, da kaka na raba wa duk wanda ya taɓa alwala a dakalina, har da taubashina, don ɓera guda ba zai iya zaga gidaje goma sha wani abu ba. Mai unguwa ya aiko yana so, na ce ya zo da butarsa ya yi alwala sau ɗaya a dakalin tukuna. Ya yi shekara biyu yana ja, a ta uku ya zo.

Taubashina yanzu yana faɗa a bakin kogi wai shi ya ɗebo ruwan duka, ni ina kwance ina cin wake. Tulu ɗaya ya ɗora min a ka, sau ɗaya. Rariyar kuma yumɓu kawai na liƙa mata, ban gine ta ba, giginyar tana nan a ciki.