Oga Baballe da Rana ta Sittin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, 31 ga Disamba, 2024, Allah ya karɓi ran Oga Baballe a gidansa na Agege, bayan gajeriyar jinya.

Oga, ba zan ci amanar alherinka ba. Lokacin da na zo daga Maraɗi ina gadin ɗakin sanyi na kamfanin kifi a Ijora, kai ka zaunar da ni gaban kwamfuta, ka saya mini shinkafa, ka ce, "Nassirou, kanka yana ja, kar ka tsufa a bakin get." Har kuɗin motar haya ta danfo ka sha biya mini.

Kai ka rubuta manhajar da ke ɗaukar kwanan wata ta fitar da lambar ranar a cikin shekara, wadda muke bugawa jikin kowane kwalin kifi. Kana alfahari da ita, ba ka yarda kowa ya taɓa ta. Ashe a cikinta ka ɗaure Fabrairu a kwana ashirin da takwas, har abada.

A 2024 kuwa watan ya yi ashirin da tara. A ranar ta ashirin da tara injin sanyi ya mutu, kifin ya lalace, aka ce a ware shi. Amma manhajarka ta ba shi lamba sittin, ta kuma ba lafiyayyen kifin ɗaya ga Maris lamba sittin. Suka gauraya, suka fita kasuwa. Mutanen wani taron suna a Ogba suka ci, suka kwana a asibiti.

Da manaja ya tambaya, ko ƙifta ido ba ka yi ba. Ka ce, "Ai yaron nan ɗan Nijar ne, shi ya shigar da kwanan ba daidai ba." Na yi mako a hannun 'yan sanda, aka kore ni. Da na fito ka dafa kafaɗata ka ce, "No worry, bari ƙura ta lafa, zan wanke sunanka." Ka gyara manhajar a ɓoye, ni ka bar ni yadda nake. Yau duk kamfanin da na je a Ijora, sunana ya riga ni isa.

Wata goma ina jiran kalma ɗaya daga bakinka, Oga, ka tafi da ita kabari. Na tsane ka a kan wannan, kuma da hannuna na ɗauki makararka.

A wurin zaman makoki, matarka Hajiya Zuliha ta aiko aka kira ni. Ta ce, "Ɗana, ya sha ambatonka a kan gado. In akwai wani abu, ka yafe masa." Na ce, "Mama, me ya ce?" Ta ce sunan kawai.

Ina miƙa ta'aziyya gare ta, da 'ya'yanka Zuwaira da Ahmad, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka abin da ke tsakaninka da Shi. Wanda ke tsakanina da kai kuwa, na bar shi sai mun haɗu.