Goggo, Kauce

Idan ka sauka Illela ka tambayi gidan Hindatu ungozoma, ko ɗan kabu-kabun da ya ƙetaro daga Konni jiya zai kai ka har ƙofa. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, ina soya ƙuli-ƙuli tana jin ƙamshinsa, tana tari ina ji. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

Hindatu ba ta taɓa haihuwa ba. Ikon Allah ke nan, macen da rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo. Gajera ce, mai saurin tafiya, kuma ba ta iya sassauta murya ba ko a gidan makoki. Wajen kakarta ta koyi karɓar haihuwa a ƙauyensu Garu, daga baya aka ba ta horo, sai Likita Sharafuddeen ya ɗauke ta aiki a ɗan ƙaramin asibitinsa da ke bayan kasuwar albasa. Matan ƙauye ba sa yarda su hau gadon likita sai sun ga fuskarta, shi ma ya san haka.

Ɗan da take ji da shi a duniya Mujtaba ne, ɗan ƙanenta Alhaji Yari. Ita ta yanke masa cibiya, ita ta goya shi, a ɗakinta ya yi ƙyanda. Ya girma ya zama ɗan canji a bakin iyaka, naira da sefa, amma ko kasuwa ta cika ba ya wuce ƙofarta bai leƙa ya ce Goggo ina kwana ba. Da ya auri Surayya, Hindatu ta fi uwar ango rawar kai, har na ce mata ta bari mana mu ma a gan mu.

Cikin Surayya na fari ya yi nisa, sai motsi ya tsaya. Yarinya ta zo tana kuka, mijinta na biye da ita. Hindatu ta shafa, ta saurara, ta gane ɗan ba rai, amma da ta ɗaga kai ta ga idon Mujtaba sai ta kasa faɗa. Ta ce masa ƙila cikin ya kwanta ne. Mu nan kowa ya san maganar kwantaccen ciki, wai ɗa yakan yi barci a cikin uwarsa, wata da watanni, har shekaru, ranar da Allah ya so ya tashi. Ta faɗa ne don ta samu ta lallaɓa su zuwa asibiti a ɗauki hoton cikin. Mujtaba kuwa ya riƙe kalmar nan da hannu biyu. Ya ce ba inda za a kai matarsa, ɗansa barci yake.

Ya yi tafiyar kasuwanci cikin Nijar, sai zazzaɓi ya kwantar da Surayya, ga jini, ga wani wari da ungozoma ba ta buƙatar a fassara mata. Hindatu ba ta jira kowa ba, ta ɗora ta a keke napep sai asibiti. Hoto ya nuna ɗan ya daɗe da mutuwa, ya fara ruɓa. Likita ya yi mata wankin ciki da yardar mahaifinta. Wallahi na ga yarinyar nan ranar, leɓɓanta sun yi fari fat, da an ƙara yini ɗaya da gawa za a fitar.

Kafin Mujtaba ya dawo, magana ta riga shi shiga gari. Akwai wasu samari da ke taruwa a wata rumfa kusa da tasha, ba karatu ba sana'ar kirki, sai hukunta mutane da baki. Su suka saki saƙon murya a waya, wai asibitin bayan kasuwa mahauta ce ta jarirai, wai likita ya zubar da ciki mai rai yana barci, wai jininsa ya halatta. Ji fa! Limamin unguwarmu ya tsawatar a masallaci, ya ce fitar da mataccen ɗa ceton rai ne, amma saƙon ya fi huɗubarsa gudu. Aka fara jifan rufin asibiti. Aka rubuta zagi a bango da gawayi. Mujtaba ya dawo ya daina leƙa ƙofar Hindatu, aka riƙa ganinsa a rumfar nan har la'asar.

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwa, gari ya cika da babura ba ka jin maganar na kusa da kai. Da hantsi likita yana duba wata mai ciki daga ƙauyen Tozai, Hindatu tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin da kwanon ruwa. Wani mutum ya shigo, ya naɗe fuska da rawani kamar yadda 'yan babur ke yi, baƙin tabarau a ido, hannunsa ɗaya cikin riga. Ya iso ƙofa, ita ta tare hanya. Ya ɗan tsaya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ya ture ta ya zaro adda. Likita ya kare kansa da hannu. Sara ya sauka a hannun daman, wani a kafaɗa, mata suka kwasa da ihu, mutumin ya fita ya hau babur ya ɓace cikin kasuwa.

Likita bai mutu ba, an garzaya da shi Sakkwato. Amma hannun nan da yake ɗinki da shi ya tashi aiki, ko cokali ba ya riƙewa.

'Yan sanda suka kwashe samarin rumfa, har da Mujtaba da aka tare yana shirin ƙetarawa Konni. Na saƙon murya an kama su da muryarsu. Amma wanda ya yi saran, babu wanda ya ga fuskarsa, likitan ma ya ce rawani kawai ya gani. Saura mutum ɗaya da ta tsaya dab da shi. Aka rubuta sunan Hindatu cikin shaidu.

Tun ranar saran ba ta ci abincin kirki ba. Na kai mata fura ta ajiye har ta yi tsami. Na matsa mata, ta dube ni ta ce, "Radiyya, na san shi." Ban tambaye ta wa ba.

Alhaji Yari ya fara sintiri a gidanta. Farko da lallashi, wai ta ce ba ta gane kowa ba, ai ba ƙarya ba ce tunda fuska a rufe take. Sai tsofaffin dangi daga Garu, wai a bar magana a gida, za a biya kuɗin magani. Da suka ga lallashi bai ci ba sai harshe ya canza. Ina tsakar gidana na ji Alhaji ta kan katanga yana cewa ita ce ma ta fara faɗin cikin ya kwanta, ita ta sa wa yaro maganar a kai, in kuwa ta buɗe baki a kotu to ta nemi wasu dangin. Raina ya ɓaci har na ɗauki ludayi zan zagaya, sai na tuna ba gidana ba ne. Abin da ya fi cin ta shi ne akwai gaskiya a maganarsa, kuma ta sani.

Surayya ta zo a ɓoye, ta rame kamar kara. Ba ta roƙe ta komai ba. Ta zauna a tabarma ta riƙe hannun Hindatu, suka yi ta kuka, ta tashi ta tafi.

Ni na raka ta babbar kotu a Sakkwato. Duk hanyar nan a mota wallahi ban san abin da za ta faɗa ba. Ta yi alwala, aka ba ta Alƙur'ani ta rantse. Mujtaba yana tsaye cikin akwatin waɗanda ake tuhuma, kansa a ƙasa. Alhaji Yari yana bencin gaba ya kafe ta da ido.

Lauyan gwamnati ya bi da ita a hankali har zuwa bakin ƙofar nan, ya tambaye ta ko ta gane mutumin. Alƙali ya ɗago kai ya dube ta. Sannan ta ce ta gane shi, Mujtaba ne ɗan ƙanenta. Lauyan Mujtaba ya miƙe yana murmushi, ya ce fuska a rufe, ido a rufe, tsohuwa a firgice, da me ta gane shi?

Hindatu ta ce, "Ranka shi daɗe, da ya iso ƙofa ni na tare mai hanya. Baƙo ture ni zai yi shi wuce. Wanga sai da ya tsaya ya ce, Goggo, kauce."

Ta ƙara da cewa, "Ni na koya mai ba a wuce babba ba magana."

Mujtaba ya dafe katakon gabansa ya fashe da kuka, lauyansa ya zauna. Daga baya Mujtaba ya amsa laifinsa da bakinsa. Aka yanke masa shekaru masu yawa kan yunƙurin kisa, masu saƙon murya su ma aka ɗaure su kan tunzura shi.

Ranar hukunci mun fito muna tsaye a baranda, sai ga gandirobobi sun taho da shi da ankwa. Hanyar matsattsiya ce. Na ja mayafinta don mu ba su wuri, ta ƙi motsawa, ta tsaya a tsakiya tana kallonsa. Na gane abin da take jira. Ya iso dab da ita, ya ɗan tsaya, sannan ya karkata kafaɗa ya raɓa ta gefenta bai ce komai ba.

Har yau tana karɓar haihuwa. Asibitin bayan kasuwa an rufe, likita ya koma garinsu, matan Tozai da Garu sai sun yi doguwar tafiya. Gidan Alhaji Yari an yi suna sau da dama tun lokacin, ba a aiko mata ko goro ba. Yaran unguwa duk Inna suke ce mata. Rannan wata 'yar baƙuwa da ta zo sayen ƙuli-ƙuli ta gaishe ta da Goggo, sai na ga ta ajiye butar da ke hannunta ta shige ɗaki.