Sauko, Yaya, Na Riƙe

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Laraba, 14 ga Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baffa Jusab, yayan mahaifina, a gidansa da ke Mandvi, garinmu na bakin teku, bayan jinyar ciwon ƙirji. Baffa, ka ƙare rayuwarka kana hawa jigon jirgin ruwa, dogon itacen nan da ake ɗaura wa filafilai, mutane suna ta jiran ranar da za ka faɗo. Sai ga shi ka cika a kan katifa.

Kai ka fara kawo ɗamarar hawa unguwarmu daga Dubai, bayan wani matuƙi ya faɗo a gabanka. Ka hana kowa hawa da igiya ɗaya. Sai biyu: ɗaya ta ɗaga mutum, ɗaya ta tare shi in ta farkon ta tsinke. An sha yi maka tsiya a rumfar mai shayi. Wani ya ce, "Jusab, saura zanen goyo!" Ka ce, "Aro mana na matarka, in ta yarda ta sauke ka." Bayan kowace damina kakan bi jiragen maƙwabta kana murɗa igiyoyinsu kana shinshinawa, don igiyar ɓawon kwakwa daga ciki take ruɓewa. Ladanka kofin shayi ne, shi ma kana sha kana kushewa.

Tun ina firamare kuka daina magana da mahaifina, Aamad. Shi yana so a cire jigon jirgin da kuka gada a sa inji, kai ka ce sai dai a fara cire wuyanka. An sa injin, jigon yana nan, kowa ya samu abin da yake so, amma gabar ta zauna. Na je jami'a na dawo, na yi aure, kuna nan kuna sauya wa juna hanya a kasuwa.

Sai dai a wurinmu ba a ba bare igiya ta biyu, sai wanda kuka haɗa jini, kai kuma Allah bai ba ka ɗa namiji ba. Don haka duk shekara, in jirage za su koma teku, Baba yakan zo ya ja ƙullin ɗamararka ya tabbatar, ya naɗe igiya a hannu. Ka ce, "Ka riƙe?" Ya ce, "Na riƙe." In ka gama aiki a sama ya ce, "Sauko, na riƙe." Hirarku ta shekara ke nan. Ka yarda ka damƙa masa ranka, amma gaisuwa ta gagare ku.

Duk shekara Baba yakan ce mini, "Bana in ya sauko zan yi masa magana." Na ce, "Baba, ka yi masa yana sama mana, ba shi da wurin gudu." Ya ce, "Ke da bokonki, yi mini shiru." Da ka kwanta, ya zo ƙofar gidanka ya tambayi matarka, Hawabai, jikinka, ya juya. Wai ba ya so ka zaci tausayinka yake ji, gara ya bari ka tashi. Sabuwar igiyar da ya saya maka bana tana rataye a ɗakinsa.

Mijina ne ya ba ni labarin maƙabarta. Baba ne ya fara shiga kabarin, ya ɗaga hannuwa ya karɓe ka, ya ce, "Sauko, Yaya, na riƙe." Rabon da ya kira ka Yaya tun kafin a sa injin.

Allah Ya jiƙanka, Baffa, Ya yalwata kabarinka, Ya sa rayukan da igiyarka ta tare su zame maka hujja ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Hawabai da 'ya'yanki, Jena da Kulsum, da dukan matuƙan Mandvi. Kai kuma Baba, Allah Ya ba ka haƙuri, Ya haɗa ku a Aljanna, ku ƙarasa maganar.