Faifai na Biyu

Ina goge ƙafar wani tebur, hannuna duk garin katako, sai wayata ta yi ƙara. 'Yar aminina ce, wanda muke kira Ƙanƙara. Ko sallama ba ta yi ba, ta ce, "Baffa, Baba ya faɗi a gidan da ya je aiki." Na ce wane asibiti aka kai shi? Ta ce, "Baffa, ba sai ka yi sauri ba."

Na zauna a ƙasa cikin tarkacen katako ina salati. Kuka bai zo ba a lokacin. Tsoro ne ya riga shi, wanda na daɗe ina goyo a ƙirjina tun ranar da na ga ya mayar da bututun ruwansa cikin kwali.

Ƙanƙara mai gyaran firiji ne, daga nan ya samo sunan. Ni kafinta ne, shi ya sa yake ce mini Zarto. Bango ɗaya ya raba shagunanmu tun muna samari. In an kawo masa firiji, kunne yake fara karawa a jikinsa kamar likita, ya lumshe ido, ya ce wa mai shi, "Wannan ba ciwo ba ne, ƙishirwa ce." Ko kuma, "Sai haƙuri, ya riga mu gidan gaskiya." Ga tsokana. In na kunna injina sai ya buga bango ya ce, "Zarto, ka tausaya wa matattu, suna barci."

Matarsa ta rasu 'yarsu ba ta daɗe da yaye ba. Bai ƙara aure ba. Shi ya goya yarinyar, shi ya koyi kitso har yatsunsa masu kaushi suka saba. Mamana yake ce mata. Abin da ya rage musu na marigayiyar wasu tsofaffin kaset ɗin bidiyo ne da aka ɗauka da kyamarar aro. Danshi ya ci su. Kana ganin mace tana tafiya, tana ɗaga jaririya, amma fuskar kamar an shafa mata toka.

Wata rana yarinyar, ta zama budurwa, ta tambaye shi, "Baba, wai ina kama da ita?" Ya ce sosai ma. Ta ce, "Ta ina?" Ya gaya mini a nan ya gane cewa shi ma fuskar ta fara gudu daga idonsa.

Sai ya ji cewa kwamfuta mai ƙarfi tana iya bin irin wannan bidiyo hoto bayan hoto, ta wanke shi har fuska ta fito. Mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya wuce waya ba ya ce da hannunsa zai haɗa tasa. Ya sayi tabarau, ya addabi mai shagon kwamfuta da tambaya. Ni na yi masa teburin, na huda bayansa don iska.

Ya kwafe kaset ɗin duka tun farko, kuma Allah ya taimaka ya yi hakan, don yawancinsu suna gama juyawa suka tsinke. Saura wanki. Aikin yana sa ƙwaƙwalwar kwamfutar ta yi zafi kwana da kwanaki, dole a sanyaya ta. Ya yi mini bayani muna zaune a bakin shago.

"Hanya biyu ce, Zarto. Ko ka ɗora mata tulin ƙarfe da manyan fankoki, su yi ta surutu kamar kai. Ko ka zagaya ta da bututu da ɗan famfo, ruwa ya riƙa ɗauke zafin shiru, kamar ni."

Na ce, "Ruwa a cikin kayan wuta? Ka fara taɓuwa."

Ya ce, "Wanda ya yi rayuwarsa cikin bututu kake gaya wa?"

Ruwan ya zaɓa. A kan bencina ya lanƙwasa bututun, yana waƙa. Ban taɓa ganin ya so wani abu na kansa haka ba.

A tsakiyar wannan ne ya fara tsayawa a kan matakalar gidansu yana haki. Ya je asibiti ya dawo da ƙwayoyi a leda, ya ce ba komai, tsufa ne. Bayan 'yan kwanaki na shiga ɗakinsa na tarar ya kwance bututun duka ya jera a kwali. A cikin kwamfutar ga tulin ƙarfe da fanka biyu.

Na ce, "Lafiya? Ina ruwan naka?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ruwa yana son mai kula da shi. A duba yoyo, a canza shi, a saurari famfo. Fanka kuwa in ta mutu, ko kai ka iya kwance ta ka sa wata."

 Na ce, "To kai ina za ka?"

Ya ce, "Miƙo mini sukurdireba, malam, ka cika tambaya."

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. In na ji shagonsa shiru sai in kashe injina in kasa kunne. In ya makara da safe sai in ƙirƙiro dalilin kiran sa. Na yi masa faɗa ya daina ɗaukar firiji a baya, ya ce to, kashegari na gan shi da wani. Na so in gaya wa yarinyar, na kasa. Ya za ka ce wa 'ya ka ga alamar mutuwar ubanta a jikin fanka?

Maganar ajiya ma haka. A cikin kwamfutar ya sa wani ɗan siririn ma'aji mai sauri, bai fi tsawon yatsa ba, wanda ke riƙe abin da ake wankewa a lokacin kaɗai. Wanda aka gama kuma yana komawa cikin babban faifai mai juyawa. Mai shagon ya ce babba ɗaya ya ishe shi har jikoki. Ƙanƙara ya ce a ba shi biyu. Ya ce, "Na binne firiji sababbi fil da hannuna. Abin da yake guda ɗaya, ka ɗauka ba ka da shi."

Na biyun ya kawo mini gida a naɗe da tawul. Na yi masa akwati, na shimfiɗa soso a ciki, na sa can ƙasan kabad. Lokaci-lokaci ya karɓa ya ƙara abin da ya gama, ya dawo mini da shi. Ya nuna mini ramin da ake soka wayarsa, har ya ɗiga masa jan fenti. Ya ja mini kunne cewa faifai mai juyawa ba ya son bugu ko girgiza. Yarinyar ta san aikin da yake yi, amma ya hana ta leƙe. Yana rufe allon da zane ya ce, "Mamana, ba a buɗe tukunya kafin ta nuna." Kaset ɗaya ya rage masa.

Ranar rasuwar gidan ya cika. Ƙaninsa, da zuciya ɗaya, ya ga babu wurin zama, ya finciki wayar kwamfutar tana cikin aiki, ya ɗauke ta zai kai wani ɗakin. Ta suɓuce masa a bakin ƙofa. Da mutane suka ragu bayan 'yan kwanaki, ni da yarinyar muka kunna. Fankokin suka tashi lafiya. Amma daga cikin babban faifan sai wata ƙara, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ƙusa a cikin gwangwani. Babu abin da ya buɗe.

Ta dube ni ta ce, "Baffa, ita ma ta tafi ke nan?"

Na ce jira ni. Na je gida na buɗe kabad na ɗauko akwatin. Ban hau babur ba, ban shiga mota ba, don ramukan hanya. A ƙafa na dawo, na rungume akwatin a ƙirji kamar jariri, ina kauce wa mutane. Duk taku sai zuciyata ta ce, in danshi ya shiga fa? In matata ta taɓa ture shi garin shara? Kaset sun tsinke, mai gyaran ya tafi. Fuskar matar nan a duniya ba ta ko'ina sai cikin abin da ke hannuna.

Na nemi ramin mai jan fenti. Sau biyu wayar tana kuɓuce mini. Faifan ya yi ɗan gurnani, na daina numfashi ina jiran ƙas ɗin nan. Bai yi ba. Yarinyar ta danna.

Mace ta fito a allon, a tsakar gida, da jaririya a kafaɗa. Ta juyo ta ce wa mai kyamarar ya daina, ta yi dariya. Fuskarta tas, har ɗan tabon goshinta da na manta. Yarinyar ta kai yatsa bakinta a hankali. Ta ce, "Baffa, wushiryata ce." A nan kukan da na riƙe ya zo, muka yi shi tare, fanka biyu suna ta surutunsu a gefenmu.

Kashegari na je wurin mai shagon na ce ya ba ni wani faifan, a kwafe. Biyu za su zauna, ɗaya wurinta, ɗaya wurina.

Safiyar ranar da Ƙanƙara ya faɗi, ya leƙo shagona da jakar aiki a kafaɗa. Ya ce, "Zarto, kayana suna nan?"

Na ce, "Suna nan. Ka gama ka zo ka kwashe abinka, na gaji da gadi."

Ya ce, "Riƙe dai. Kai fanka ne, ka cika surutu amma ba ka yoyo."

Na ce, "Allah ya shirye ka. Kuma kar ka ɗauki firijin nan kai kaɗai."

Ya ce, "To, Baba. In na dawo ka dafa mana shayi."