Abokina da ya koyi nutso a bokiti

Mu biyu muke zaune a ɗaki ɗaya a unguwar Hayyin Ashir da ke babban birnin Misra, hawa na biyar, ni da abokin karatuna mutumin Gusau. A shekarar 2014 ya faɗi jarrabawa karo na biyu, takardar zamansa ta ƙare, ya kuma rantse ba zai koma gida hannu rabbana ba. Wasu maƙwabtanmu suka haɗa shi da masu ƙetarar da mutane ta teku, daga wajen Iskandariyya zuwa Italiya. Mutumin nan fa bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Ni kuma Bakano ne, iya ruwana bai wuce wanka ba.

Ranar hutun tunawa da yaƙin Oktoba muna cin ful, dafaffen waken Misrawa, da rana, aka sa wani tsohon fim ɗin yaƙi a talabijin, na sojojin ruwa masu nutso waɗanda Misrawa ke ce wa kwaɗi. Sai su sa baƙaƙen kaya masu ɗame jiki, su nutse ƙarƙashin jirgin abokan gaba, su liƙa masa bam su sulale. Ni gashin bakinsu nake wa dariya. Da na waiwaya, na ga shi ko lomar farko bai kai baki ba.

Kashegari ya tafi kasuwar Ataba ya nemo faifan fim ɗin. Wurin da ake horar da sojojin kawai yake maimaitawa. Ya kwanta rub da ciki a katifa, yana wutsil-wutsil da ƙafafu. Daga nan ya cika bokitin wanki, ya miƙo mini carbi.

"Yalla, Malam, ka ja mini. Kowane subhanallahi ƙwaya ɗaya."

Ya tsoma kansa. Ƙwaya talatin ya ɗago yana tari.

Na ce, "Kai, wallahi ba ka da hankali! Waɗancan tulun iska suke goyo a baya. Kai me za ka goya?"

Ya ce, "Ma'alish, ba komai, Allah yana nan."

Na zage shi, na roƙe shi, har fasfonsa na ɓoye. Ya yi dariya, ya ce inda za shi ba a tambayar fasfo. Da na ce zan kira mahaifiyarsa, sai ya riƙe hannuna gam, ya ce hawan jini gare ta, in rantse ba zan faɗa mata ba. Na rantse. Kullum bayan la'asar kuma in ɗauki carbi in ja masa, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba.

Burinsa ya kai ɗari. Mako biyu yana tsaye a sittin. Wata rana ya ɗago idonsa jawur, ya zauna daɓas a ƙasa kamar zai yi kuka, ya tambaye ni nawa. Tausayi ya kama ni. Sittin da biyu ne, na ce masa ɗari.

Ya rungume ni da jiƙaƙƙiyar rigarsa. "Halas, shi ke nan, na shirya."

Bayan kwana huɗu ya tafi. Ya kira ni sau ɗaya daga bakin teku, yana cewa ruwan ya fi na fim girma. Ban sake jin muryarsa ba. Na zaga wajen maƙwabtan nan har suka daina buɗe mini ƙofa. Ba wanda ya ce mini ya isa, ba wanda ya ce bai isa ba. Ƙaryar nan ta ƙwaya talatin da takwas har yau tana ci mini rai.

Mahaifiyarsa ta fara kiran wayata kowace Juma'a. In gaishe ta, in ce yana wajen darasi. A Juma'a ta biyar sai ta ce, "Ɗana, don girman Allah, wane irin darasi ne wannan da ba a tashi?"

Na tuna rantsuwata, na ci gaba da riƙe wayar a kunne. Ita ma ba ta kashe wayar ba.