Hoton Surukina

Ni mutum ne mai son bin hanyar da ba kowa ke bi ba. Masu gina shafukan intanet a Yamai duk manhaja ɗaya suke amfani da ita, ni kuwa na tono wata ƙarama, ta kyauta, wadda kowa ke da izinin buɗe cikinta ya gyara. Ba ta da nauyi, ko rezon intanet ya yi rauni tana buɗewa. Ina ji da ita sosai.

Surukina ɗan Maraɗi ne, yana sayar da kayan yaji a kasuwar Petit Marché. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba, shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Ta bakin matata ya aiko cewa yana son shafi, don masu saye daga nesa. Na ce ga ranar da zai san 'yarsa ba ta yi zaɓen banza ba.

Manhajar tana zuwa da hotunan misali, kai ne za ka cire ka sa naka. Na sa citta, na sa kanumfari da masoro. Saura gurbin mai shago. To, ta yaya zan tsaya gaban surukina in auna masa waya a fuska? Kullum sai in ce gobe. Har na saki shafin, na manta abin da ke gurbin.

Ranar nunawa ya tara abokansa 'yan kasuwa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a bakin shago, wayar tana yawo hannu zuwa hannu ana sa albarka. Sai maƙwabcinsa mai sayar da albasa ya taɓa wani wuri a shafin.

"Alhaji," in ji shi, "wanga shi ne patron ɗin, mai shagon?"

A ƙarƙashin sunan surukina, ga wani tsohon Bature da gajeren wando, ya rungume kare, karen yana lasar bakinsa.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da na ji sauƙi. Kunya ta rufe ni. Surukina kuma ba ya iya yi mini faɗa, don kunyar da ta hana ni ɗaukarsa hoto ita ke riƙe da bakinsa.

Ya daɗe yana duban karen. Sannan ya gyara hula, ya zauna sosai a kan buhu, ya ce wa mai albasa, "A ce ma yaron ya ɗauka."

Na ɗaga waya na danna, idona a ƙasa. Buhunan citta sun fito tar. Shi kuwa daga gemu zuwa ƙafa kawai ya fito.

Da dare matata ta kawo saƙonsa: a bar wannan, ya fi kare. Shi ne a shafin har yau.